Kambas Ɗin da Ba a Lanƙwasawa

Kyaftin ake ce masa a duk layin, amma har yau ba a samu wanda ya taɓa ganin ƙungiyar da ya yi wa kyaftin ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane kuma suka bar masa don ba ya cin musu komai. A faɗarsa, lokacin yana saurayi babu mai tsalle irin nasa a filin ƙwallon kwando. Idan ya tashi sama, sai wuyan 'yan kallo ya ƙage kafin ya sauko. Yanzu dai abin da ido ke gani shi ne tumbi, da furfura a gemu, da gwiwar da ke ƙara duk lokacin da zai zauna.

Aiki kuwa ya shiga ya fita har an daina tambaya. Ya yi gadi, ya yi tsaron kanti, ya yi karen mota, kuma ko'ina aka sallame shi dalilin ɗaya ne: ba su san darajarsa ba. Matarsa ce ta gaji da dafa ruwan zafi yara na leƙen tukunya, ta yafa mayafi ta tafi wurin yayanta mai gidan wanki da guga. Ta daɗe a tsaye cikin tururin dutsen guga kafin ya ɗago.

"Zan ɗauke shi ya riƙa kai wa mutane kayansu gida," in ji Yaya. "Don ke na yi, ba don shi ba. Amma ki ji da kyau, wannan ne na ƙarshe. In ya kunyata ni, ko sunansa kada ki ƙara kawo min. Kuma ki ce ya yar da silifas ɗin nan ya nemi takalmi mai daɗin tafiya, aikin na ƙafa ne."

Ta san halin kayanta, don haka ba ta bar shi ya tafi kasuwa shi kaɗai ba.

Mai takalma ya dubi ƙafar Kyaftin, ya ji irin aikin da za a yi, ya ciro wani baƙin kambas mai laushi, ya naɗe shi a hannu ya sake, ya koma yadda yake.

"Yallaɓai, ga na yau da kullum. Ba nauyi, ba ya nuna datti, kuma ba tsada."

"Shi ke nan, a sa a leda," in ji matar.

Kyaftin ko kallonsa bai yi ba. "Uwargida, wannan ai na masu raka yara makaranta ne. Malam, sauko min da wancan."

Can sama yake nunawa, wani fari tas mai dogon wuya, da jan zane a gefe da 'yan huji-huji a gaba. Da aka miƙo masa sai ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ya shinshina, ya lumshe ido.

"Da irinsa na ci wasan ƙarshe. Ka ga ƙasan nan? Riƙon ƙasa gare shi kamar ƙadangare a bango. Ko kan mai ka taka ba ka zamewa."

"Sabo ne fa, Yallaɓai," in ji mai takalma. "An dai yi shi a kan tsohon yayi. Shi ma da sauƙi, ga su can kwali-kwali a baya. Sai dai fatarsa da tauri, sai ka yi ta takawa kafin ta saki."

"Ba za ta saki ba," Kyaftin ya ce, ya rage murya yana waige-waige. "Ku matso ku ji. Na gani a waya, akwai masu neman irin wannan ido rufe. Takalmin tsohon yayi ba ya tsufa, daraja yake ƙarawa. Zan sa shi kullum in je aiki, shekara na zagayowa in sayar da shi ninkin-ba-ninkin. Na sha takalmi kyauta, ga riba a sama. Sharaɗin ɗaya ne tak." Ya ɗora yatsa a kan fatar da ke rufe 'yan yatsu. "Nan wurin kada ya lanƙwasa. Layi ɗaya ya fito, an gama."

Matar ta dube shi daga sama har ƙasa. "Baban yara, takalmin da za a yi tafiya da shi ne ba zai lanƙwasa ba? Ƙafar taka katako ce?"

"Ke ba ki san motsa jiki ba. Ɗan wasa shi ke juya ƙafarsa, ba ƙafa ke juya shi ba."

"Malam, don Allah gaya masa gaskiya. In ya dawo da shi baɗi za ka saya?"

Mai takalma ya sosa ƙeya. "Hajiya, ni sayarwa nake yi, ba na saye."

"Kin ji ko?" Kyaftin ya ƙifta mata ido. "Yana ɓoye sirrin sana'a."

Aka ce ya ɗan taka a gani ko ya yi masa daidai, ya ce shi ba ya gwaji da jari. A zaune ya sa, a zaune ya cire, aka mayar cikin kwali. Matar ta bi baƙin kambas ɗin da kallo har suka fita.

Washegari da safe ya yanka kwali ya cusa a gaban kowane takalmi don ya tokare fatar, ya ɗaure igiya tamau, ya fito tsakar gidan hayarsu. Duk wanda ya taɓa tafiya ya san sai 'yan yatsu sun lanƙwasa kafin ƙafa ta bar ƙasa. Kyaftin ya ce ban da tasa. Sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya daga cinya, ya dire ta shimfiɗe, ɓat, sannan ya ɗago ɗayar, ɓat, gwiwoyi a ware, ɗuwawu a baya, hannuwa na iyo a iska.

Telan da ke da shago a bakin ƙofa ya tsayar da keken ɗinkinsa.

"Kyaftin, lafiya? Basir ne?"

"Tafiyar 'yan wasa ce. Ba a yi ta don teloli ba."

Goggo, tsohuwar da ke ɗakin sama, ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, kada ka ji kunya, marigayi mai gidana haka ya yi fama. Ka riƙa zama cikin ruwan ɗumi."

"Goggo, takalmi nake kiyayewa!"

"To Allah ya ba takalmin lafiya."

A gidan wanki Yaya ya nuna masa keken kai kaya, mai babban kwando a baya. Kyaftin ya hau, ya ɗora ƙafa a feda, ya ji fatar na shirin motsi, ya yi wuf ya janye. Ya koma tuƙi da dunduniya. Bai bar layin ba dunduniyar ta zame, fedar ta juyo ta buge shi a ƙauri, ya yi wata ƙara da ta sa karnuka haushi. Daga ranar ya daina hawa. Tura keken yake yi, yana ɓat, ɓat a gefensa, masu mota na danna masa ham, 'yan makaranta na bin bayansa suna kwaikwayo.

Kayan da aka ce a kai da safe sai rana ta take yake isa da su. Wani malamin makaranta ya jira rigarsa har ya gaji ya tafi aji da ta jiya. Wata mata kuma safarta ta faɗi daga cikin kaya a bakin ƙofarta, Kyaftin ya tsaya ƙiƙam yana kallon safar, safar na kallonsa.

"Ba za ka ɗauko ba?"

"Hajiya, ba na tsugunawa."

"Sarauta gare ka?"

"Jari gare ni."

Matakala ce ta fi ba shi wuya, domin ba a hawa bene sai an dogara da kan 'yan yatsu. Ya gwada ta gefe kamar ƙaguwa, bai yi ba. Daga baya ya gano cewa in ya juya baya ya hau da dunduniya, fatar ba ta ko motsi. Haka ya riƙa hawa benaye da baya da baya, rungume da kayan mutane, fuskarsa na kallon ƙasa. Ran nan wata mata ta buɗe ƙofa ta ga ƙato a tsakiyar matakala ya rungumo zannuwan gado yana saɗaɗa ƙafa, ta kurma ihu.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo!"

Kafin ya buɗe baki maza sun fito, wani da muciya, wani da ƙafar kujera.

"Ku tsaya! Kawowa nake yi, ba fita nake da su ba!"

"To me ya sa kake kallon ƙasa?"

"Sama nake zuwa!"

"Wanda zai je sama sama yake kallo," in ji mai muciyar, ya cakumi wuyan rigarsa.

"Ka buge ni a ko'ina," Kyaftin ya ce yana ja da ƙafafunsa baya, "amma kada ka taka ni."

Sai da aka kira Yaya a waya ya zo ya karɓe shi. Da suka kai ƙofar shago Yaya ya juyo ya dube shi.

"Ka san don wa nake haƙuri da kai?"

"Yaya, mutane ne ba su waye ba."

"Ƙanwata ta tsaya a nan tana share ido da gefen mayafi. Don ita. Gobe makarantar koyon jinya ke yaye ɗalibai, fararen rigunansu duk suna nan an wanke an goge. Ba ni da abokin ciniki da ya kai su. Za ka kai su zauren taro kafin a fara. Ka hau keken nan kamar mutum, ka ji ni? In aka samu matsala, daga can ka wuce gida."

"Ka ɗauka an kai."

A gida matar ta ajiye masa shayi ta zauna tana kallonsa yana goge takalmin da tsohon buroshin haƙori.

"Baban yara, gobe kaɗai. Don girman Allah ka taka ƙasa yadda uwarka ta koya maka. Yaran nan sun fara sabawa da cin abinci sau uku."

"Uwargida, ranar da na sayar da takalmin nan, ke da kanki za ki ba ni haƙuri."

"In ba ka haƙuri ba wuya. In koma wurin Yaya ne ba ni da fuska."

Ya tashi da wuri, wannan dai ba za a ci haƙƙinsa ba. Aka jera masa rigunan a kwandon keke, kowace a hanga, kowace cikin doguwar ledarta, farare ƙal har suna ɗaukar ido. Ya jira Yaya ya koma ciki, ya sauko daga keken ya fara turawa.

Bai yi rabin hanya ba gari ya haɗe, iska ta taso, ruwa ya ɓalle. Kyaftin ya laɓe ƙarƙashin rumfar wani mai gyaran waya, ya dubi titi ya ga jan ruwa na gudu, ya dubi ƙafarsa, ya dubi kwandon keke. A nan dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗin kansa ƙwarai.

"Riga dai a sake wanke ta," ya ce wa mai gyaran waya. "Fata kuwa in ta sha ruwa ta sha ke nan."

Ya zare leda biyu daga riguna biyu, ya zura kowace ƙafa a ɗaya, ya ɗaure a ƙauri. Rigunan biyu ya tura su ƙarƙashin sauran.

"Malam, kayan mutane ne fa."

"Biyu ne kacal. Kai dai gyara wayarka."

Ledar gidan wanki ba a yi ta don taka titi ba. Bai wuce shago uku ba ta huje. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, ya zare wasu biyun. Ya kai kwalbati, suka yage, ya zare wasu. Da ya ga abin ba ya ɗorewa sai ya koma ninka su, uku a dama uku a hagu. Duk kududdufin da ya tarar sai riguna sun biya masa kuɗin ƙetarewa. Wata babbar mota ta wuce ta watso ruwan taɓo, Kyaftin ya yi maza ya juya keken ya kare ƙafafunsa da shi, kwandon ya shanye duka.

"Saura kaɗan," ya ce, yana sauke ajiyar zuciya.

A zauren taro kuwa iyaye sun cika kujeru, manyan baƙi sun zauna a babban tebur suna duba agogo. Ɗalibai na tsaye a bayan labule da kayan gida. Shugabar makarantar, wata doguwar mata mai tabarau, ta kira Yaya a waya har sai da ya rufe shago ya zo da kansa. Suna tsaye a bakin ƙofa tana wanke shi tas, yana ba da haƙuri, sai ga Kyaftin ya shigo harabar, ƙafafunsa naɗe cikin leda kamar kawunan kabeji biyu.

Ya jingine keken, ya kwaso rigunan ya rungume. Ruwa na ɗiga daga cikinsu, launinsu ya koma na shayi da madara.

Shugabar ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, kaya sun iso."

"Ina ledojinsu?" Yaya ya tambaya, muryarsa can ƙasa. Sai idonsa ya sauka kan ƙafafun Kyaftin.

Kyaftin ya ga fuskar Yaya, ya ga gara ya nuna himma. "Ku ba ni hanya, yanzu zan miƙa musu!" Ya kutsa tsakaninsu ya faɗa cikin zauren da sauri.

Daɓen zauren tayil ne mai sheƙi, an goge shi da safe saboda baƙi. Takalmin da ke riƙe ƙasa kamar ƙadangare yana can cikin jiƙaƙƙiyar leda ninki uku, ko gaisawa da ƙasar bai yi ba. Taku na farko ƙafar dama ta yi gaba ba da izininsa ba. Ta hagu ta bi ta. Kyaftin ya tafi suuu ta tsakiyar kujeru, a tsaye, rungume da riguna, bakinsa a buɗe, iyaye na juya kai suna bin sa da kallo kamar jirgin ƙasa na wucewa. Mai ɗaukar hoto ya yi tsalle gefe. Ko a lokacin ma, da a ce ya lanƙwasa 'yan yatsu ya dafe ƙasa da wataƙila ya tsaya, amma mutum ne mai riƙe alkawari. Ya zauna daɓas, ya ɗaga ƙafafu sama, ya ƙarasa tafiyar a kan gadon bayansa, ya shige ƙarƙashin babban tebur. Zanin tebur ya bi shi, robobin ruwa da furanni da abin magana suka bi zanin. Rigunan suka watsu, ɗaya ta sauka a kafaɗar babban baƙo.

Lasifika ta yi ƙiii.

Ɗalibai dai an koya musu aiki. Suka fito daga bayan labule a guje suka jawo shi, wata ta kama hannu tana neman bugun jini, wata ta nufi ƙafa.

"Kada ki taɓa ƙafar!" ya daka tsawa, kuma abin maganar na kusa da bakinsa, don haka har na kujerar baya sai da ya ji.

"Karaya ce," in ji ɗaya. "A kawo katako."

"Ba karaya ba ce! A hankali za ki buɗe. Ki duba min gaban, ya lanƙwasa?"

Yarinyar ta sa almakashi ta yanke ledojin ɗaya bayan ɗaya, jama'a sun miƙe tsaye suna leƙe, wasu sun kau da kai don kada su ga ƙashi. Leda ta ƙarshe ta faɗi. Ga takalmi nan fari tas, sumul, ko ɗigon ruwa babu. A duk zauren nan da aka taru don fararen kaya, shi kaɗai ne fari.

"Alhamdu lillahi," in ji Kyaftin ta lasifika.

Wata uwa ce ta fara fashewa da dariya, sai zauren ya ɗauka. Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta juya wurin Yaya ta ce daga yau ko tsumman goge tebur ba za ta ƙara ba shi ba. Yaya ya tako har inda Kyaftin ke zaune cikin furanni, ya miƙa hannu.

"Na gode, Yaya, zan iya tashi."

"Makullin keke."

Labari ya riga shi isa gida. Matar ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta yafa mayafi ta fita, ba ta dawo ba sai da rana ta yi sanyi, idanunta jajir.

Da safe Kyaftin ya farka ya miƙa hannu ƙarƙashin gado, ya jawo kwali, ya ji shi sakayau. Ya fito tsakar gida ba hula. Ga matarsa zaune a bakin rijiya ta sa safa biyu-biyu, ta zaro kwalayen da ya cusa ta yar, ta zura ƙafafunta cikin farin kambas. Tela ya fito da tef ɗin awo a wuya, Goggo ta buɗe taga.

"Uwargida! Me kike yi?"

"Yaya ya ce in dai ni zan kai kayan, aikin yana nan. Sai na yi masa alkawarin ko inuwarka ba zai gani a layinsa ba."

"To ki sa naki takalmin mana!"

"Nawa na zuwa unguwa ne. Wannan aka saya don aiki."

Ta miƙe, ta dube shi ido cikin ido, sannan ta tsuguna a kan 'yan yatsunta don ta ɗaure igiya. Fatar ta yi wata 'yar ƙara, ƙiris. Layi ya fito daga wannan gefe zuwa wancan, a dama, sannan a hagu. Kyaftin ya dafe bango.

"Kin san abin da kika kashe yanzu?"

"Na sani. Ga wanke-wanke can, ƙaramin yaron kuma in ya tashi ka yi masa wanka." Ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu, ta ɗan yi tsalle. "Ashe ma da daɗi."

Ta fita da sauri, ta tsallake kwatar bakin ƙofa, ta taka kududdufin da ke gaba ba ta ko waiwaya ba.

Kyaftin ya daɗe yana kallon ƙofar. Tela ya yi gyaran murya yana danne dariya.

"Sannu, Kyaftin."

Kyaftin ya ja numfashi, ya naɗe hannun riga, ya jawo bahon kwanuka gabansa.

"Ka ga yadda ta taka ruwan nan ba ta zame ba?" ya ce. "Ni na zaɓo shi. Da an bar ta, wani baƙi za ta kwaso."